Rediyon Gargaɗin Yanayi Mai Sola da Hannun Murzawa: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

A ranar 27 ga Satumban 2024, mazauna birnin Asheville da garuruwan da ke cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun wayi gari cikin ruwan da guguwar Helene ta kwararo musu. Koguna suka cika suka tumbatsa, hanyoyi suka yanke, turakun lantarki suka zube, sabis ɗin waya ya ɗauke ɗif. Masu riƙe da iPhone da Galaxy sababbin fitowa suka koma ba sa iya kiran ko maƙwabci. Kwana da kwanaki, abin da ya rage wa jama'a da yawa shi ne gidajen rediyon yankin, waɗanda suka riƙa sanar da inda ake raba ruwan sha da hanyar da ta buɗe, suna kuma karanto saƙonnin masu cigiyar 'yan uwa.

Ba wannan ne karon farko ba. A 2017, guguwar Maria ta durƙusar da kusan kashi 95 cikin 100 na turakun sadarwar waya a tsibirin Puerto Rico. A ranar 28 ga Afrilun 2025 kuma, da wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal, an ga mutane sun yi layi a shaguna suna neman ƙaramin rediyo mai batir, wasu sun yi da'ira a bakin titi suna sauraron wanda wani ya kunna.

Bayan kowane irin wannan lamari, tallar wata na'ura kan cika Facebook da TikTok da shagunan intanet irin su Amazon da AliExpress: ƙaramin rediyo, galibi ja ko ruwan lemo, mai tocila a gaba, sola a sama, hannun murzawa a gefe, da ramin USB na cajin waya. A jikin kwalinsa an rubuta NOAA da manyan baƙaƙe, tare da alkawarin zai yi ƙara ya ankarar da mai shi kafin guguwa ko ambaliya ta iso. Matashin da ya ga abin da ya faru a Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle da dare mutane na barci, ba zai ga laifin kansa ba idan wannan alkawari ya ja hankalinsa. Sai dai rabin abin da ke cikin tallar an gina shi ne domin Amurka. Sauran rabin ne zai yi aiki a Kano ko Maraɗi, kuma shi ya kamata a auna kafin a tura kuɗi.

Mene ne NOAA ɗin da ke jikin kwalin?

NOAA ita ce hukumar gwamnatin Amurka mai kula da teku da sararin samaniya, kuma a ƙarƙashinta hukumar hasashen yanayin ƙasar take. Hukumar na da tashoshin rediyo nata na kanta, da na'urorin watsawa fiye da 1,000 a faɗin jihohi 50 da yankunan da Amurka ke mulka. Ba kiɗa, ba talla, ba hira: dare da rana muryar kwamfuta ce ke karanta hasashe da gargaɗi. Tashoshin na watsawa a kan layuka bakwai kacal, daga 162.400 zuwa 162.550 MHz, can sama da inda FM ya ƙare a 108 MHz. Shi ya sa rediyon gida ba ya kama su. Kowace na'urar watsawa na kaiwa kimanin kilomita 65 idan babu duwatsu a tsakani.

Bala'i ne ya faɗaɗa tsarin. A ranakun 3 da 4 ga Afrilun 1974, guguwa masu juyawa 148 suka afka wa jihohi 13 cikin kwana guda, suka hallaka mutum fiye da 300, lamarin da ya sa gwamnati ta himmatu wajen ƙara tashoshin. Shekara 20 bayan nan, a ranar 27 ga Maris 1994, wata guguwar ta rusa cocin Goshen a jihar Alabama ana tsakiyar ibada, mutum 20 suka mutu. An riga an fitar da gargaɗi kimanin minti 12 kafin nan, amma babu abin da zai isar da shi cikin ginin. Daga nan aka sake wani gangamin na ƙara tashoshi da ƙarfafa wa mutane gwiwar ajiye rediyon a gidaje da makarantu da wuraren ibada.

Dabarar rediyon na cikin iya yin shiru yana jira. Mai shi zai sa shi a yanayin jiran gargaɗi ya kwanta. Idan hukuma za ta sanar da haɗari, sai ta fara aiko da wani sauti mai kaifi na 1050 Hz. Da rediyon ya ji shi, sai ya kunna kansa ya yi kururuwa, ko da ƙarfe uku na dare ne. Masu tsada suna da ƙarin fasaha mai suna SAME: mutum zai shigar da lamba shida ta gundumarsa, rediyon ba zai tashe shi ba sai gargaɗin ya shafi inda yake. Yawancin masu hannun murzawa masu araha ba su da SAME, sautin kawai suke ganewa. Hukumar kan yi gwaji duk mako, galibi ranar Laraba kafin azahar, domin kowa ya tabbatar nasa na aiki.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan ya dogara ne da samuwar tashar da ke watsawa a kan 162 MHz kusa da mai rediyon. Rediyon ba ya shinshinar hadari, ba ya auna iska, ba ya magana da tauraron ɗan Adam. Kunne ne kawai. Idan babu bakin da ke magana, babu abin da zai ji. NOAA ba ta da tasha a Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi, kuma siginar da iyakarsa kilomita 65 ba zai ƙetare Tekun Atlantika ba. Wanda ya juya maɓallin zuwa WB ko WX a Zariya, shuuu kawai zai ji a layukan bakwai.

Akwai ma illa ga wanda bai san haka ba. Yanayin jiran gargaɗi na cin batir, domin na'urar na nan a kunne tana saurare ko da lasifika ta yi shiru. Mutum zai iya barin rediyonsa a haka da sunan yana gadin gidansa, ranar da zai buƙace shi ya tarar batir ya ƙare wajen jiran kiran da ba zai taɓa zuwa ba. Mafi muni shi ne ya kwanta da kwanciyar hankali a gidan da ke bakin kogi, yana zaton akwai abin da zai tashe shi.

A wannan yanki, gargaɗi na bi ta wata hanya dabam. A Najeriya, NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da hasashen kwana-kwana, NIHSA na fitar da hasashen ambaliya na shekara, NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi na sanar da jama'a, misali idan za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru zuwa Kogin Binuwai. A Nijar akwai hukumar yanayi ta ƙasa, ga cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD a Yamai. Saƙonninsu na isa ga talaka ne ta gidajen rediyo na yau da kullum. Saboda haka rediyon gaggawa na gaskiya a nan shi ne wanda ke kama tashoshin gida da kyau, ya kuma daɗe bai mutu ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Afirka. Baturen Ingila Trevor Baylis ya ƙirƙiro rediyo mai hannun murzawa ne a farkon shekarun 1990 domin a isar da faɗakarwa kan cutar ƙanjamau ga ƙauyukan da batir ke musu tsada, aka kuma fara ƙera shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu da sunan Freeplay. A ƙarshen shekarun 1990, shirin RANET ya fara a Nijar, inda aka haɗa rediyon al'umma na garin Bankilare da irin waɗannan rediyoyi domin manoma da makiyaya su riƙa jin labarin damina da harshensu.

Zangon da yake kamawa shi ne farkon abin dubawa

FM shi ne na kusa. Sautinsa garau, amma ba ya nisa, kuma idan ruwa ya ci gari ko wuta ta daɗe babu, tashar FM ɗin garin na iya sauka daga iska ita ma. A nan matsakaicin zango, wanda ake rubuta AM ko MW a jikin rediyo, ke nuna amfaninsa: yana tafiya ɗaruruwan kilomita, da dare ya ƙara nisa. Gajeren zango, SW, shi ke ƙetare ƙasashe. Wanda ke zaune a wurin da aka taɓa katse layukan waya, kamar yadda aka yi a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021, ya san darajar abin da ba ya jiran turakun sadarwa.

Yawancin rediyoyin da aka ƙera domin kasuwar Amurka AM da FM da NOAA kawai suke da su. Midland ER310, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a can, na da batir mai 2600 mAh, yana karɓar batir AA guda shida, yana da tocila mai ƙarfi, amma ba shi da gajeren zango. Kaito KA500 na da shi a kan zango biyu, SW1 da SW2. Tecsun PL-330 kuwa ba shi da NOAA, ba shi da sola ko hannun murzawa, amma yana kama gajeren zango fiye da yawancin masu hannu, kuma batirinsa BL-5C ne, irin na tsohuwar Nokia da ake samu a kowace kasuwar waya. Ga mai sauraro a wannan yanki, zangon SW ya fi zangon NOAA amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani tarko da masu talla ba sa ambata. A nahiyar Amurka, tashoshin AM na jere ne da tazarar 10 kHz: 590, 600, 610. A Afirka da Turai da Asiya tazarar 9 kHz ce. Shi ya sa aka san Rediyon Najeriya Kaduna a kan 594, Rediyon Kano a kan 729, Nagarta a kan 747. Rediyo mai allon lambobi da aka kulle a tazarar 10 zai tsallake 594, ya tsaya a 590 ko 600. A 730 za a ji Kano kusan daidai, domin bambancin 1 kHz ne, amma a 590 muryar Kaduna za ta fito a shaƙe, idan ma ta fito. Dole mai saye ya nemi inda aka rubuta 9/10 kHz a bayanin kayan. Haka a FM: wasu na Amurka na tsalle ne daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba sa tsayawa a lamba irin 96.2 ko 100.0. Tashoshin Najeriya da yawa, kamar Freedom a 99.5 a Kano, sun dace da wannan tsari, amma ba duka tashoshin yankin ba. Ko masu allura irin na da ba su tsira ba, domin da yawansu a yau na'urar dijital ce a ciki mai tazarar da aka ƙayyade tun daga masana'anta.

Game da gajeren zango, a duba cewa ya haɗa da mita 16, 19, 25, 31, 41 da 49. Da rana manyan lambobin MHz, wato mita 16 da 19, sun fi fitowa. Da dare mita 31, 41 da 49. Kafofin waje da dama sun rage sa'o'insu a gajeren zango sun koma FM da intanet, don haka yana da kyau a nemi jadawalin da ke aiki yanzu, a rubuta a takarda a liƙa a bayan rediyon.

Lissafin batir: mAh da mWh ba ɗaya ba ne

A nan aka fi yaudarar masu saye. Duk mai waya ya saba da mAh, ya san 5000 babban batir ne. Sai ya ga rediyo an rubuta 7400 ya ɗauka ya fi wayarsa. Idan ya duba da kyau zai ga mWh aka rubuta, ba mAh ba. Ana samun mWh ne ta ninka mAh da ƙarfin batirin, wato bolt 3.7. Don haka 7400 mWh daidai yake da 2000 mAh, 37000 mWh kuma 10000 mAh ne. Ba ƙarya aka yi ba, amma an zaɓi lambar da ta fi cika ido.

Akwai kuma ƙarya tsagwaronta. Yawancin waɗannan rediyoyi na ɗauke da batir mai siffar yatsa da ake kira 18650, kuma masu inganci daga cikinsa galibi ba sa wuce kimanin 3500 mAh. Duk wanda aka rubuta wa 9900 mAh a jiki, ba haka yake ba. Na gaske kan kai gram 45 zuwa 50. Wanda ya yi sakayau a hannu abin tuhuma ne. Rediyon da bai fi tafin hannu ba amma ana cewa yana da 20000 mAh, sai a tambayi inda aka cusa batir shida.

To me 2000 mAh zai yi wa waya? Batirin waya mai 5000 mAh na ɗauke da kusan wat-awa 19. Rediyon na da 7.4, kuma wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5 da sake sauke ta a cikin waya, kusan kashi ɗaya cikin uku na salwanta a matsayin zafi. Abin da zai shiga wayar bai wuce rubu'in batirinta ba, sannan rediyon ya mutu. Wannan batir ɗin da zai ƙare cikin ɗan lokaci a kan waya, idan rediyon na jan 50 mA yana magana a hankali, zai yi awa 40 yana kawo labari. A lokacin bala'i, wannan zaɓi ne da ya kamata a yi da ido buɗe: ramin USB na rediyo na kira ɗaya ne ko saƙo biyu na ceton rai. Cajin waya aikin fawa-bank ne.

Abu biyu sun fi girman lamba muhimmanci. Na farko, a iya cire batirin a sauya. Batirin lithium na tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi kuma na ƙara masa saurin tsufa. Idan an liƙe shi a ciki, mutuwarsa ita ce mutuwar rediyon. Na biyu, ya kasance yana karɓar batir AA ko AAA na kanti. A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin arewacin Najeriya suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta, wuraren cajin waya sun cika maƙil, amma batir na nan a teburin mai shago.

Hannun murzawa da sola: gaskiyar abin da suke bayarwa

Hannun da ke gefen rediyon, wanda ake juyawa kamar na injin murza taliya, yana juya ɗan ƙaramin janareta ne a ciki. Abin da irinsa ke bayarwa wat ɗaya zuwa biyu ne, idan ana juyawa ba tsayawa. A ɗauka wat ɗaya da rabi ne: cika waya mai wat-awa 19 zai ci fiye da awa 12 ana murzawa, ba a ma lissafa asarar da ake yi a hanya ba. Babu hannun ɗan Adam da zai yi haka, kuma haƙoran robar da ke ciki za su riga shi gajiya. Amma ga rediyo da tocila, minti ɗaya ko biyu na murzawa na ba da mintoci da dama na saurare, wanda ya isa a ji kanun labarai. Wannan shi ne aikin da aka yi shi dominsa.

Solar da ke saman rediyon ma haka take. A ɗauki mai faɗin santimita 3 da tsawon 9. Rana tsaka na sauke kusan wat 1,000 a kan murabba'in mita guda, solar kuma na kama ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Lissafin na ba da kusan rabin wat. Batir mai 2000 mAh zai buƙaci awa 15 na rana mai ƙarfi kafin ya cika, wato kwana biyu zuwa uku a waje, alhali ranar da ake tsananin buƙatarsa sau da yawa ranar hadari ce. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wannan sola ta riƙe batir ce kada ya faɗi ƙasa, ba ta cika shi ba.

Akwai haɗari kuma wajen shanya shi. Yawancin batiran lithium ba a so a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inuwa kanta na haura 40, balle roba mai duhu da aka ajiye a kan kwano ko gaban mota. Rediyon da aka manta a rana zai iya kumbura batir. Mafita ita ce ƙaramin faifan sola na daban mai USB, a sa shi a rana, a ja waya zuwa inuwa inda rediyon yake.

Ruwa, ƙura da ƙarfin jiki

Kalmar "ba ya jin ruwa" a talla ba ta nufin komai sai an ga lambar IP. IPX4 na nufin zai jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 na nufin zai iya nutsewa mita ɗaya na minti 30. Harafin X na nuna ba a gwada shi da ƙura ba. Lamba 5 ko 6 a wannan gurbi, kamar IP67, ita ke nuna kariya daga ƙura, abin da ke da muhimmanci ga mai fama da hunturu. Yawancin masu araha IPX3 ko IPX4 suke, wasu ma babu lambar ko kaɗan. Leda mai zik ko robar abinci mai murfi na cike wannan giɓi da kuɗi kaɗan.

Wuraren da suka fi saurin lalacewa uku ne: gindin eriya, mahaɗin hannun murzawa, da murfin robar da ke toshe ramin caji. Ramin USB-C ya fi dacewa da zamani, domin caja ɗaya za ta yi wa waya da rediyo. A kuma lura da maɓallin SOS mai jiniya: idan yana wurin da yatsa ke saurin taɓawa, zai tashi gida da dare ba gaira ba dalili.

To wayar da ke aljihu fa?

Wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa na da FM a ciki, wasu sai an sa iyafis domin wayarsa ce eriya, ƙananan masu maɓalli kuma da dama na kamawa ba tare da shi ba. iPhone ba ta da wannan, haka yawancin manyan wayoyin Samsung na yanzu. Wanda wayarsa ke da FM ya riga ya mallaki rabin rediyon gaggawa, kuma ya kamata ya gwada shi tun yau. Sai dai waya ba ta kama AM ko SW, kuma duk mintin da aka yi ana saurare, batirin da za a kira taimako da shi ake ci. Sauraro ta intanet kuwa na buƙatar sabis, yana kuma cin kusan MB 29 a awa guda a kan matsakaicin inganci na 64 kbps. Amfanin rediyo na daban shi ne raba aiki: shi ya kawo labari, waya ta huta domin kira.

Gwajin da kowa zai iya yi

Idan a shago ne, a kunna rediyon a wurin. A zagaya FM daga farko zuwa ƙarshe a ƙirga tashoshin da suka fito, a kwatanta da na waya. A kula ko tasha mai ƙarfi na bayyana a wurare biyu ko uku tana danne maƙwabtanta. Wannan alamar rauni ce. A koma AM a nemi 594 ko 729, a riƙa juya jikin rediyon, domin eriyar AM sanda ce a kwance a ciki, ba wadda ake zarowa ba. Ana cikin sauraron AM ɗin a kunna tocila: idan ƙara ta taso ta rufe magana, an gano matsala tun kafin a biya. Kasuwa cike take da hayaniyar janareta da caja, don haka a nemi alkawarin canji idan bai yi ba a gida.

A gida, a cika batir, a kunna rediyo a matsakaiciyar murya, a rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya mutu. Wannan lambar ita ce gaskiyar batirin, ba ta jikin kwali ba. Da ya mutu, a murza hannun na minti biyu da agogo a ga mintocin da zai yi. A sake cika shi, a jona waya a ga kashi nawa zai ƙara mata. Da dare a fita tsakar gida, nesa da inbata da fitilun LED, a gwada gajeren zango; siririyar waya mai tsawon mita biyar da aka naɗa a kan eriya na ƙara masa ji sosai, amma a cire ta da zarar an fara walƙiya. A ƙarshe a ajiye shi wata guda ba a taɓa ba, a kashe, a duba ko ya riƙe cajinsa. Wanda ke zubar da wuta yana ajiye ba na gaggawa ba ne.

Wa ya kamata ya saya?

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Amurka, musamman a jihohin guguwa irin su Oklahoma da Texas da Florida, zangon NOAA shi ne dalilin sayen, kuma gara ya nemi mai SAME ya jona shi a wuta kusa da gado. Ga wanda ke Kaduna ko Damagaram ko Kumasi, kada rubutun NOAA ya sa ya ƙara ko sisi. Ya nemi FM da AM mai tazarar 9 kHz da gajeren zango, batir mai cirewa, gurbin batir na kanti, da tocila. Hannun murzawa ƙari ne mai kyau na ranar da komai ya ƙare. Idan kuɗin bai kai ba, ƙaramin rediyo mai zango uku irin na dattawan majalisa, da fakitin batir, da fawa-bank na daban, sun fi na'ura ɗaya mai alkawari goma amfani.

Tunda babu jiniyar da za ta tashi mutum a nan, ɗabi'a ce za ta maye gurbinta: sauraron labaran safe da na dare a watannin Yuli zuwa Satumba, sanin tashar da ke karanta sanarwar hukumar agaji ta jiha, da sanin tudun da iyali za su nufa idan an ce a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi wa rediyon caji duk bayan wata biyu ko uku, a cire batiran kanti daga ciki idan za a daɗe ba a kunna ba domin kada su zubo su ci ƙarfen, a ajiye shi cikin leda a wuri mai tudu da kowa a gidan ya sani, har da yara.